Tanadin Gaskiya da Mafarkin Rushewar Duniya: Darasi Daga Maiduguri

Shirin fuskantar bala'i shi ne duk wani tanadi da mutum, ko gida, ko unguwa, ko hukuma ke yi tun ana zaune lafiya, domin rage asarar rai da dukiya idan ambaliya, ko gobara, ko annoba, ko rikici ya auku. Masu wannan shiri sun kasu gida biyu. Kashi na farko suna duba masifun da suka saba faɗa wa yankinsu, su auna wadda ta fi kusa, su yi mata tanadi daidai ƙarfinsu tare da maƙwabta da hukuma. Kashi na biyu sun ɗora shirinsu a kan zaton cewa wata rana komai zai wargaje gaba ɗaya: gwamnati ta ɓace, kasuwa ta mutu, doka ta ƙare, kowa ya zama abokin gabar kowa. Saboda haka tanadinsu ya ta'allaƙa ga maɓoya, da makami, da abincin shekaru, da nisantar jama'a.

Birnin Maiduguri wuri ne da ya dace a auna waɗannan hanyoyi biyu, domin a cikin shekaru kaɗan ya ga yaƙi, da kwararar 'yan gudun hijira, da yankewar wuta da waya, da gobarar babbar kasuwa, da annoba, da ambaliyar da ta shanye unguwanni. Abin da ya faru a nan ya nuna irin tanadin da ke ceton rai, ya kuma nuna wanda ba shi da amfani a ranar da ake buƙatarsa.

Asalin tunanin rushewar duniya

Wannan tunani ya fi ƙarfi a Amurka, kuma ya yi tashe ne a zamanin yaƙin cacar baka tsakaninta da Tarayyar Sobiyet. A 1961 gwamnatin Shugaba Kennedy ta ƙarfafa wa jama'a gwiwar tanadar maɓoya saboda tsoron makamin nukiliya, iyalai da dama suka haƙa ɗakuna a ƙarƙashin gidajensu. Tun daga lokacin, tsoron yakan sauya kama. A ƙarshen 1999 an yi ta yaɗa cewa kwamfutocin duniya za su rikice da shigowar shekarar 2000, bankuna da jirage da wutar lantarki su tsaya cik. Injiniyoyi sun yi aikin gyara tun da wuri, shekarar ta shigo ba tare da wata babbar ɓarna ba. Bayan nan aka sa ranar 21 ga Disamba 2012 a matsayin ƙarshen duniya, bisa gurguwar fahimtar kalandar mutanen Maya na dā. Ita ma ta zo ta wuce.

Tsoron ya zama kasuwa mai riba. Akwai kamfanonin da ke sayar da busasshen abinci mai jure shekaru, akwai waɗanda suka mayar da tsofaffin ramukan makamai masu linzami a jihar Kansas gidajen alfarma na ƙarƙashin ƙasa, wasu attajirai kuma suka sayi filaye a New Zealand domin su gudu can idan al'amura sun dagule. Finafinai da shirye-shiryen talabijin sun ƙara wa abin armashi, suna nuna jarumi ɗaya da bindigarsa yana kare rumbunsa daga mayunwata. Ta intanet wannan hoto ya iso wayoyin matasa a Nijeriya, ya haɗu da jita-jitar cikin gida game da wargajewar ƙasa da yaƙin ƙare dangi.

Wasu dabarun masu wannan tunani suna da amfani, kamar ajiye ruwa, da koyon taimakon farko, da tanadar fitila. Illar tana cikin tushen tunanin. Ya fi mayar da hankali ga masifar da ba ta cika aukuwa ba, ya manta da wadda ke zuwa duk damina. Yana kuma ɗaukar maƙwabci a matsayin barazana, alhali shi ne mutum na farko da zai miƙo hannu.

Abin da bincike ya gano game da halin mutane

Masana halayyar jama'a sun daɗe suna nazarin yadda mutane ke yi a lokacin bala'i. A 1963 aka kafa wata cibiya ta musamman domin wannan aiki a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, cikin waɗanda suka kafa ta har da Enrico Quarantelli, daga baya ta koma Jami'ar Delaware. Bayan bin diddigin ɗaruruwan masifu, sakamakon da ake ta samu iri ɗaya ne: firgita irin ta hauka da wawason dukiya ba su kai yadda ake zato ba, taimakon juna shi ne ya fi yawa.

Girgizar ƙasar da ta auka wa birnin Kobe na Japan ranar 17 ga Janairu 1995 ta kashe mutum fiye da 6,000. Mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin ɓaraguzai, 'yan'uwa da maƙwabta ne suka ciro su, tun kafin ma'aikatan ceto su iso. A wannan shekarar kuma tsananin zafi ya kashe mutum fiye da 700 a birnin Chicago. Binciken da masani Eric Klinenberg ya yi ya nuna cewa da yawansu tsofaffi ne masu zaman kaɗaici, waɗanda suka kulle ƙofa da taga saboda tsoron ɓarayi, ba mai leƙa su. A 2005, lokacin da guguwar Katrina ta jawo ambaliya a New Orleans, an baza labaran kashe-kashe a wuraren da jama'a suka fake. Daga baya ya tabbata cewa an zuzuta yawancinsu, kuma tsoron da suka haifar ya kawo jinkiri ga aikin ceto.

Masifun da Maiduguri ta sani

Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a Yulin 2009. A Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, birnin ya shafe watanni ba a iya kira. A farkon 2015 mayaƙa sun yi yunƙurin kutsawa cikin garin har sau biyu, aka fatattake su. A tsakanin waɗannan shekaru dubban ɗaruruwan mutane suka tsero daga Bama, da Gwoza, da Dikwa, da Monguno, da Baga, da sauran garuruwa, suka cika Maiduguri. Mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba. Gidajen dangi da na mutanen da ba su taɓa sani ba ne suka karɓe su, aka raba ɗaki, aka raba tukunya. Ko tsaron garin ma bai inganta ba sai da matasan unguwanni suka haɗa kai a 2013, waɗanda aka sani da 'yan Kato da Gora, suka yi aiki tare da sojoji.

A Janairun 2021 mayaƙa suka lalata turakun babban layin wuta da ke kan hanyar Damaturu. Aka gyara a Maris, suka sake fasa shi cikin 'yan kwanaki, birnin ya shafe watanni masu yawa cikin duhu. Masu walda, da masu niƙa, da masu sayar da ƙanƙara sun ji jiki, amma gari bai watse ba. An koma ga janareta da sola, daga bisani aka buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas a 2023. A ranar 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye babban sashe na Kasuwar Monday, daidai lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. Ga kuma baƙin da ba sa fashi: zafin watannin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙyanda, da sanƙarau, da kwalara, wadda a 2017 ta faro daga sansanin Muna Garage ta kama mutum fiye da 5,000 a jihar.

Duk waɗannan masifu suna da siffofi guda uku. Suna da iyaka a wuri da lokaci, domin ko a mafi munin kwanaki akwai sassan ƙasar da ke zaune lafiya, daga can taimako ke zuwa. Suna maimaituwa, don haka ana iya sanin su tun kafin su zo. Kuma sun fi cin marasa ƙarfi: tsofaffi, da ƙananan yara, da masu juna biyu, da naƙasassu, da talakan da ya gina gida a bakin kogi saboda nan ne fili ya fi araha.

Ambaliyar Satumba 2024

An gina madatsar ruwa ta Alau a kan Kogin Ngadda a tsakiyar shekarun 1980, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da Maiduguri, domin samar da ruwan sha da noman rani. Tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 112. Kogin Ngadda yana ratsa tsakiyar birnin kafin ya baje a fadamar Jere. Duk ruwan da ya ƙwace daga Alau, ta cikin gari zai bi. An ga haka a Satumban 1994, lokacin da ruwa ya mamaye Maiduguri, aka sake ganin alamarsa a 2012.

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa a duk yankin Tafkin Chadi. Tun farkon Satumba unguwannin bakin kogi suka fara ganin ruwa a ƙofar gida, manoman da ke kusa da madatsar kuma suna ta bayyana damuwa. A daren Litinin wayewar Talata 10 ga wata, wani sashe na madatsar ya fashe. Ruwan ya iso gari mutane na barci. Kafin gari ya waye ya shiga Fori, da Galtimari, da Gwange, da Bulabulin, da Gamboru, ya haura gadoji, ya raba birnin biyu. Ya shiga fadar Shehun Borno, da Kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ya lalata na'urori masu tsada. A gidan namun daji na Sanda Kyarimi hukumomi sun ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, suka gargaɗi jama'a game da kadoji da macizan da ruwa ya kwashe. Katangar gidan yari ta rushe, fursunoni 281 suka tsere. Mutum fiye da 400,000 sun rasa matsuguni. Alƙaluman farko na hukuma sun ce mutum 37 ne suka rasu, adadin da mazauna garin ke ganin ya yi ƙasa da gaskiya ƙwarai.

A sa'o'in farko, waɗanda suka tsira sun tsira ne da taimakon na kusa da su. Wani ya ji ihun maƙwabci ko bugun ƙofa, wani ɗan'uwa ne ya kira shi daga unguwar da ruwa ya riga ya ci. An ga magidanta cikin ruwa iya ƙirji, yaro a kafaɗa, ƙunshin kaya a ka, mata na riƙe da hannun juna a jere don kada igiyar ruwa ta fizge ɗaya. Matasa sun goya tsofaffi, masu bene sun buɗe wa jama'a sama, masunta sun shigo da kwalekwale. Sojoji da ma'aikatan agaji sun kawo manyan motoci da jiragen ruwa suka kwashe waɗanda suka maƙale a kan rufi. An sake buɗe sansanin Bakasi da aka rufe a 2021, makarantu suka zama masauki, unguwannin tudu suka dafa abinci suna rabawa. Ba a rasa ɓata-gari da masu tsawwala farashi ba, amma su ne 'yan tsiraru.

Idan aka ɗora tanadin masu jiran rushewar duniya a kan wannan dare, rauninsa yakan fito fili. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa shi ruwa zai fara cikawa. Buhunan hatsin da aka jibge a ƙasa sun jiƙe sun ruɓe. Makami ba ya tare ruwa, kuma mallakarsa ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar Nijeriya. Mutumin da ya yanke hulɗa da unguwa ba shi da wanda zai tashe shi da ƙarfe biyun dare. Abubuwan da suka yi rana ƙanana ne: waya mai caji, da tocila, da sanin hanyar tudu, da 'yan kuɗi a hannu, da yanke shawarar fita da wuri.

Bayan janyewar ruwa

Haɗarin ambaliya ba ya ƙarewa da janyewar ruwa. Ruwan ya wanke masai da bola da maƙabartu, ya shiga rijiyoyi. A farkon Oktoba 2024 gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Sauro ya yawaita a kududdufai, zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru. Gidajen ƙasa da suka sha ruwa sun ci gaba da faɗuwa. Masu hawan jini da ciwon suga da dama sun rasa magungunansu, asibitocin da za su je kuma suna fama da kansu. Wata asarar da ba a cika ambata ba ita ce ta takardu: shaidar kammala makaranta, da takardar fili, da katin ɗan ƙasa, waɗanda sake samun su kan ci watanni da kuɗi. Wannan mataki na biyu shi ne tanadin gida ya fi tasiri a kansa.

Tanadin gida

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tanadin gida yana farawa da tambayoyi uku: wace masifa ce ta fi kusa da wannan gida, ina za a nufa idan ta zo, kuma wa zai ɗauki wa. Dattawan unguwa sun san inda ruwa ya tsaya a 1994, kowa kuma ya ga inda ya kai a 2024. Wannan sani ya isa a gane ko gida na cikin kwari, a zaɓi hanyoyi biyu na fita da ba su dogara ga gada ɗaya ba, a kuma yi magana da wani ɗan'uwa a unguwar tudu tun kafin damina. Yara su haddace lambar wayar uba ko uwa da sunan wurin haɗuwa idan an rabu.

Sai jakar gaggawa, wadda bai kamata ta fi ƙarfin mutum ɗaya ba. A sa muhimman takardu cikin leda biyu a ɗaure, a ɗauki hotonsu da waya a tura wa wani amintacce a wani gari. A haɗa da maganin da wani a gidan ke sha kullum, na aƙalla mako ɗaya, da tocila, da ƙaramin rediyo mai batir, da batirin cajin waya, da sabulu, da gidan sauro, da kuɗi ƙananan canji, domin na'urar cirar kuɗi ba ta aiki idan babu sabis. Abinci ya zama wanda ba ya buƙatar wuta: garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da dabino, da gyaɗa. Bokitin roba mai murfi ya fi jakar yadi, domin yana hana ruwa shiga, daga baya kuma a ɗebi ruwa da shi. A ajiye shi a sama, kusa da ƙofa, inda kowa ya sani.

Ruwan sha ya fi abinci gaggawa. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana domin sha da girki da tsafta, don haka jarka mai lita 25 ba ta kai wa mutum biyu kwana ɗaya ba. Tunda ba kowane gida ke iya ajiye mai yawa ba, sanin tsarkake ruwa ya zama dole. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Sai an tafasa ruwan ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa masa ƙwayar kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin fakiti a jira minti 30. Idan gudawa ta kama wani kuma babu fakitin gishiri da suga na asibiti, ana haɗa shi a gida: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, domin kwalara na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i.

Akwai kuma abubuwan kiyayewa. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, mai zurfin santimita 60 kuma yana tafiya da mota. Kafin a bar gida a kashe wuta daga babban makunni, a rufe tukunyar gas. Ajiye man fetur a ɗaki da sunan tanadi ya fi zama sanadin gobara fiye da mafita. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Tanadin unguwa

Gida ɗaya ba ya iya yashe magudanar ruwa, ba ya iya sayen kwalekwale, ba ya iya gadin kogi dare da rana. Waɗannan aikin unguwa ne, kuma Borno na da tsarin da zai ɗauke su: bulama, da lawan, da limamai, da ƙungiyoyin matasa da na mata, da 'yan kasuwa. Kafin damina bulama na iya sa a rubuta gidajen da ke da tsoho marar ƙarfi, ko makaho, ko gurgu, ko mai tsohon ciki, a ɗora wa kowane ɗaya matasa biyu da za su fara zuwa kansa. Ana iya kafa sanda mai alamomi a bakin kogi, a wakilta masu duba ta, a amince cewa idan ruwa ya kai alama kaza za a yi shela da lasifikar masallaci. Aikin gayya na yashe kwalbatoci a watan Mayu da Yuni, da adashen da ake ware wani kaso domin gaggawa, duk al'adu ne da ake da su, gyara kawai suke so.

Bangaladash ta nuna abin da irin wannan tsari ke iya yi. Guguwar 1970 ta kashe mutum aƙalla 300,000 a can, ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Ƙasar ta horar da dubban 'yan sa-kai a ƙauyuka masu yawo da lasifika da tuta, ta gina dogayen gine-ginen fakewa waɗanda ke zama makarantu a sauran lokaci. Guguwa mai ƙarfi ta 2007 ta kashe 'yan dubbai, ta 2020 kuma mutum 'yan gommai. Talauci bai ƙare a ƙasar ba, gargaɗi ne ya riƙa isa kunnen mutane a kan lokaci, kuma suna da inda za su je.

Nauyin da ke kan hukuma

Wani tanadin ya fi ƙarfin gida da unguwa. Kula da madatsun ruwa, da yashe koguna, da hana gini a hanyar ruwa, da samar wa talaka wani filin, duk aikin gwamnati ne. Nijeriya na da hukumomin da aka kafa domin haka. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, an kafa ta a 1999, jihar Borno kuma na da tata. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna, NIHSA, tana fitar da jerin wuraren da ambaliya ke barazana gare su. Giɓin da ake samu yana tsakanin rahoton da aka karanta a Abuja da kunnen mai gida a Gwange. Gargaɗi ba ya amfani sai ya zo da Kanuri da Hausa da Shuwa, ta rediyo da masallaci da waya, ya faɗi unguwa, ya faɗi lokaci, ya faɗi wurin zuwa.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Bibiyar irin wannan aiki, da tambayar wakilai inda aka kwana, yana cikin shirin fuskantar bala'i kamar yadda ajiye jarkar ruwa yake. Batun bai tsaya ga Borno ba. Madatsar Bagauda ta fashe a Kano a 1988. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar, ta 2022 ta kashe fiye da 600, a Mayun 2025 kuma ruwa ya hallaka fiye da 150 a Mokwa ta jihar Neja. Duk garin da ke ƙasan madatsa ko a bakin kogi, gemun ɗan'uwansa ya riga ya kama da wuta.

Tawakkali da jita-jita

Abubuwa biyu kan raunana shiri a ƙasar Hausa da Borno. Na farko shi ne fahimtar ƙaddara a matsayin dalilin zama ba tanadi. Malamai sun sha bayyana cewa riƙo da sababi ba ya cin karo da dogaro ga Allah. Ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, misali ce bayyananniya: an yi tanadin shekarun yalwa domin shekarun fari, kuma rumbun na al'umma ne, har mutanen wasu ƙasashe suka ci daga gare shi. Manoman dā ma sun san rumbun tsimi, wanda ba a buɗe shi sai shekara ta yi tsanani.

Na biyu shi ne jita-jita. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaye Nijeriya cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Saƙon ƙarya kan sa mutane gudu inda babu haɗari, idan ya yawaita kuma ya sa su yi biris da gargaɗin gaskiya. Kafin a tura saƙo gaba, a tambayi wanda ya faɗa, da ranar da aka faɗa, a kuma saurari gidan rediyo ko sanarwar hukuma.

Tarihin Maiduguri daga 2009 zuwa yau ya tabbatar da cewa gari na iya shan yaƙi da duhu da gobara da ambaliya ba tare da jama'arsa sun juya wa juna baya ba. Asarar da aka yi ta fi yawa a inda gargaɗi ya makara, da inda aka bar gyara har ya gagara, da inda marar ƙarfi ya rasa mai ɗaukarsa. Waɗannan duka ana iya magance su da kuɗi kaɗan da tsari mai kyau. Ya kamata kowane magidanci ya haɗa takardunsa da magungunan iyalinsa wuri ɗaya, kowace unguwa ta zauna da bulamanta kafin saukar ruwan farko, hukumomi kuma su kammala gyaran madatsun da ke hannunsu, su sanar da jama'a gaskiyar halin da suke ciki.